Bakin da Ke Yabon Yaro: Tarihin Yabo da Tukwici a Tarbiyyar Hausawa

Duk inda aka zauna ana zancen tarbiyya a ƙasar Hausa, da wuya a tashi ba a ji wani ya ce yaran yanzu sun lalace ne saboda an ajiye bulala ba. A wurin masu wannan ra'ayi, tarbiyyar da ita ce tsawa da zare ido da tsumagiya, yabo da kyauta kuwa baƙi ne da suka biyo boko, masu sangarta yaro. Suna da karin maganar da suke kafa hujja da ita: ka ƙi naka duniya ta so shi, ka so naka duniya ta ƙi shi. Suna kuma tunatar da mu cewa ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Ni dai ina ganin wannan rabin tarihin ne kawai. Wanda ya bi rayuwar yaron Bahaushe na dauri daga yaye zuwa sauka zai tarar cewa a duk gaɓar da ake buƙatar yaro ya jure wani abu mai wuya don lafiyar jikinsa ko tsarkinsa, al'ada ba ta dogara da duka ba. Yabo da tukwici ta tanada. Abin da ya sa muke mantawa shi ne, ba a bakin uwa da uba aka ajiye wannan yabon ba. An damƙa shi ga wasu mutane dabam, kuma mutanen nan ne zamani ya nisanta da yaro ba tare da an maye gurbinsu ba.

Dalilin da ya sa iyaye suka kame bakinsu sananne ne. Na farko kunya, musamman ta ɗan fari, wanda uwa ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, balle ta yabe shi. Baba ta Karo, tsohuwar da Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta daga bakinta a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, aka buga shi a 1954, ta nuna yadda wannan kunya ta ratsa gidajen ƙarshen ƙarni na 19, da yadda riƙo ya zama ruwan dare. Ita kanta ba ta haihu ba, amma ta yi rainon 'ya'yan dangi. Na biyu shi ne tsoron baki. Ba a duban jariri a ce ya yi ƙiba ko ya yi kyau sai an haɗa da tubarkalla, don an yi imani cewa yabon halitta yana iya jawo wa yaro kambun baka. Idan aka lura da kyau, waɗannan abubuwa biyu ba su hana yabo gaba ɗaya ba. Kunya ta hana wasu bakuna ne kawai, tsoron baki kuma ya taƙaita yabon jiki da sura. Yabon abin da yaro ya aikata da kansa, wannan ƙofarsa a buɗe take, kuma akwai waɗanda al'ada ta ɗora wa aikin furta shi: kaka da goggo da inna da kawu, da wanzami da malam. Wasan da ke tsakanin kaka da jika, inda tsohuwa ke kiran jikanta mijinta, jikarta kuma kishiyarta, shi ya ba ta damar faɗin abin da uwa ba za ta iya faɗi ba. A cikin wannan tsokanar ne yaro ke jin cewa mijin da bai wanke fuska ba ba za a ba shi fura ba, wanda ya yi wanka kuwa ango ne.

Yaye shi ne gwaji na farko. Yaro ɗan wajen shekara biyu ana ɗauke shi daga ɗakin uwarsa a kai shi wurin kaka ko wata babbar mace a dangi. Hikimar a bayyane take: uwa ita ce mai hanawa, don haka sai a miƙa shi ga hannun da ba shi da aiki sai bayarwa. Can ake dama masa kunu, a saya masa ƙosai, a goya shi, a yi masa waƙa, har ya saba da abincin manya ya manta da nono. Sau da yawa ba ya dawowa hannu rabbana, akan haɗo shi da kaza ko 'yar akuya a ce tasa ce. Lokacin yaye lokaci ne mai haɗari ga lafiyar yaro, a da da yanzu, domin a nan ne rama da gudawa suka fi kama shi. Al'ada ta gane cewa ba a tilasta wa ɗan shekara biyu cin abinci da tsawa, sai ta bi ta hanyar lallashi.

A kaciya ne tsarin ya fi fitowa fili, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. A da ba a yi wa jarirai, sai yaro ya kai shekara 7 zuwa 9, ya san ciwon jikinsa. Ana jiran lokacin sanyi, bayan an kawar da amfanin gona, sa'ad da rumbu ke cike kuma miki ba ya saurin ruɓa. Sai a tara yaran gida ko na unguwa, wanzami ya zo da zabirarsa da sassafe, a haƙa ɗan rami ga kowane yaro, wani babba ya riƙe shi ta baya. Aikin askar kansa na ɗan lokaci ne. Babban aikin shi ne makonnin jinya, domin ana buƙatar yaro ɗan shekara 8, mai ƙiriniya, ya kwanta rigingine da kara a tsakanin gwiwoyinsa, kada ya juya, kada ya taɓa mikin, kada ya fita cikin ƙura, ya yarda a wanke masa a barbaɗa magani duk da zafi. Babu bulalar da za ta iya tsare wannan dare da rana. Abin da ya tsare shi shi ne matsayin da aka ba ɗan kaciya. Tun daga ranar farko ana shelanta wanda bai yi kuka ba, ana ce masa namiji, jarumi. Ana yanka masa kaza a gidan da yara ba su saba ganin tsoka a kwanonsu ba. Dangi suna zuwa dubiya, kowa da ɗan abin hannunsa. Ranar da aka warke sai a yi masa aski da wanka, a sa masa sabuwar riga da hula, ya zaga gidajen 'yan'uwa ana ba shi tukwici. Wanzami ma yana da nasa rabon na hatsi da kaji da kuɗi. Yaron da ya ga yayansa ya bi ta wannan hanya yakan ƙosa nasa lokacin ya zo, duk da ya san akwai aska a ciki. Ban san wata shaida da ta fi wannan nuna ƙarfin yabo a kan zuciyar yaro ba.

Haka abin yake a azumi da makarantar allo, kuma a nan al'ada tana tafiya ne a kan sawun addini. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Rubayyi'u 'yar Mu'awwizu cewa matan Madina suna sa ƙananan yaransu azumin Ashura, suna yi musu abin wasa da ulu, idan yaro ya yi kukan yunwa sai a miƙa masa ya shagala har lokacin buɗa baki. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111 kuma malaman ƙasar Hausa suka daɗe suna karanta Ihya'unsa, ya yi bayanin cewa idan yaro ya nuna kyakkyawan hali a karrama shi, a saka masa da abin da zai faranta masa rai, a yabe shi a gaban mutane, idan kuwa ya yi kuskure sau ɗaya a kawar da kai. Tun kafin shi, Muhammadu ɗan Sahnun, malamin Malikiyya na Ƙairawan da ya rasu a 870, ya sa iyaka ga dukan da malami zai yi wa ɗalibi. Ibn Haldun kuma ya yi gargaɗi cewa tsanantawa tana koya wa yaro ƙarya da ɓoye-ɓoye. Don haka yaron da ya fara da azumin rabin yini, aka riƙa kirga masa, ranar da ya kai azumi har magariba aka ware masa kwanonsa na musamman kakarsa tana sa masa albarka, ba bidi'ar turawa ake yi masa ba. Allon zayyana da walimar sauka su ne ƙololuwar wannan tsari. Gaskiya ne akwai dorina a makarantar allo, kuma an sha wuce iyaka da ita. Amma a nan ne yaro ya koyi tsarki da alwala da asuwaki, wato wanke hannu da baki da fuska da ƙafa sau da dama a yini, kuma abin da yake hange a gaba shi ne ranar da zai zauna a kan buzu gari ya taru dominsa.

Ba na musun cewa tsoro ma yana da gurbinsa. Camfi shi ne makamin da aka fi amfani da shi wajen kare yaro daga haɗari na nan take: kada a yanke farce da dare, kada a tsallake wanda ke kwance, kada a fita da tsakar rana ko da almuru saboda iskoki. A zamanin aci-bal-bal, hana yaro riƙe aska cikin duhu hankali ne. Sai dai camfi yana hana aiki ne kawai, ba ya gina ɗabi'a, kuma da zarar yaro ya gwada bai ga abin da aka tsorata shi da shi ba, dokar ta faɗi. Wani lokaci ma yakan cutar, kamar camfin da ke cewa cin ƙwai yana sa yaro sata, wanda ya hana yara abinci mai gina jiki a gidajen da kaji ke yawo a tsakar gida.

Da mulkin turawa ya zo, kiwon lafiyar jama'a ya shigo ne da fuskar hukuma. Duba-gari, ma'aikacin tsafta na En'e, wanda aka fara horarwa a makarantar koyon tsafta ta Kano tun farkon shekarun 1930, yana shiga gida ya leƙa randa da masai da kwata, idan ya ga tsutsar sauro ko ƙazanta sai sammaci da tara. Masu lambar agana sun sha tarar da ƙauye an ɓoye yara a rumbu ko a daji. Makarantar boko ta ɗauki wannan salon: layin safe, a duba farce da haƙora da kai, wanda aka samu da datti ya sha bulala a gaban 'yan'uwansa, wanda ya zo fes kuwa a wuce shi ba a ce komai ba. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya kai wannan layi ƙauyuka da yawa, yaƙi da rashin ɗa'a na 1984 kuma ya ƙara ɗaure tsafta da tsoron soja. Ba za a ce waɗannan matakai ba su yi amfani ba. An kawar da agana, kuma tsofaffi da yawa suna kewar duba-gari idan suka dubi kwatocin birane a yau. Amma hukuma ta ari rabin tarbiyyar ne, rabin tsawa, ta bar rabin tukwici. Abin da yaro ya koya daga gare ta shi ne a share gida ranar da ake sa ran mai dubawa.

A daidai wannan lokaci kuma, bakunan da ke yabo suna ta nisa. Birnin Kano da mutanensa ba su kai 150,000 ba a ƙidayar 1952 ya haura miliyan 2 a ta 2006. Gidan gandu mai sassa da yawa, inda kaka ke ɗakinta a tsakiyar jikoki, ya ragu, aka koma ɗaki ɗaya ko biyu na haya, daga miji sai mata sai 'ya'ya. Kaciya ta koma ta jarirai, sau da yawa a asibiti, kuma wannan ci gaba ne ta fuskar lafiya, amma bikin jarumtar ya tafi tare da ita. Yaye ma a ɗakin uwa ake yinsa a gidaje da dama. Sai aka wayi gari iyaye sun gaji kunya da tsawa, kason da al'ada ta ba su, alhali masu ɗaya kason suna ƙauye ko sun riga mu gidan gaskiya. Yaro yana jin "bari" da "sauka" da "zan ci ubanka" daga safe har dare, ba ya jin "madalla" daga kowa. Wannan gurguwar tarbiyya ce muke kira ta gargajiya, kuma kakanninmu ba za su gane ta ba.

Masu sukar yabo da kyauta suna da hujjoji, kuma wasu suna da nauyi. Ta farko ita ce kyauta tana zama toshiyar baki: yaron da aka saba ba shi alewa don ya wanke hannu zai daina ranar da alewa ta ƙare. Masana halayyar ɗan Adam sun gwada wannan. A 1973 Mark Lepper da abokan aikinsa a Amurka suka ɗauki ƙananan yara masu son zane, suka yi wa wasu alkawarin takardar yabo idan sun yi zane, daga baya sai aka ga sha'awar waɗannan ta ragu, alhali waɗanda aka ba kyautar ba zato ba su canza ba. Amma a 2011 Lucy Cooke da abokan aikinta a Ingila suka gwada wani abu dabam: yara 'yan shekara 4 zuwa 6 da kayan lambun da ba sa so. Waɗanda aka yaba ko aka ba sitika don sun ɗanɗana sun ci gaba da ci har bayan wata 3 da daina ba su komai. Idan aka haɗa biyun, darasin shi ne lada yana ɓata abin da yaro ke so tun asali, yana kuma taimakawa a kan abin da yake gudu. Al'adar Hausa a nan ta tsaya. Ba wanda ya taɓa biyan yaro don ya yi langa ko carafke. An tanadi kaza ne ga ɗan kaciya da mai azumin fari, kuma sau ɗaya ake yi. Wanda ya kai azumi bana, baɗi ba a sake yi masa biki, sai dai a ɗauke shi a matsayin wanda ya girma, kuma wannan matsayi shi ne ladan da ke ɗorewa. Haka nan binciken Claudia Mueller da Carol Dweck na 1998 ya nuna cewa yaran da aka yaba wa basira sun fi saurin karaya a kan waɗanda aka yaba wa ƙoƙari. Hanyar da Hausawa suka bi dabam ce, ta tsoron baki ce, amma wurin da suka isa ɗaya ne: a bar halitta, a yabi aiki.

Suka ta biyu ta fi damuna, domin gaskiya ce tsagwaronta. Yabo ba ya tantance alheri da sharri. Kirarin da ke sa ɗan kaciya ya daure shi ne ke sa yaro ya ɓoye ciwo har ya yi tsanani don kada a ce masa rago, shi ne ke tura shi ya faɗa kududdufi ko ya ɗare bayan mota saboda abokai na tafa masa. Hannun wanzamin da ake girmamawa shi ne kuma ke cire beli da askar da ba a dafa ba, kuma jarirai sun halaka ta wannan hanya. Amsata ita ce wannan bai rage darajar yabo ba, ya nuna ne cewa yaro zai nemi yabo ko ta halin ƙaƙa. Idan gida bai ba shi a kan tsayawa ya duba hagu da dama kafin ya tsallaka titi ba, tsara za su ba shi a kan tsallakawa a guje. Abin da ya kamata a gyara shi ne abin da ake yabawa. Yaron da ya zo ya ce ƙusa ta soke shi ya fi cancantar a ce masa jarumi a kan wanda ya ɓoye.

Tarihin rigakafin shan inna ya ƙara wani sharaɗi da bai kamata a manta da shi ba. A 2003 wasu jihohin Arewa suka dakatar da rigakafin saboda zargin an gurɓata shi, a ƙasar da ba a manta da gwajin maganin sanƙarau na 1996 a Kano ba. Kano ta dawo a watan Yulin 2004. Daga 2006 aka fara haɗa ɗigon da wasu abubuwa, masu rigakafi suna tafe da sabulu da alewa da gidan sauro, kuma yara sun riƙa binsu suna nuna yatsan da aka shafa wa tawada. Duk da haka a 2006 an samu yara fiye da 1,100 da cutar ta kama a Nijeriya, a 2008 kusan 800. Iyaye suna tambaya mai ma'ana: me ya sa ake bin mu har gida da wannan kyauta, alhali babu maganin zazzaɓi a asibiti? A 2009 sarakunan Arewa ƙarƙashin Sarkin Musulmi suka kafa kwamitinsu, hakimai da dagatai da masu unguwanni suka shiga gaba, sai ga shi a 2010 adadin ya sauko zuwa 21. Akwai wasu dalilai, ciki har da sabon nau'in maganin da aka fara amfani da shi a wannan shekara, kuma an sake samun koma-baya kafin a tabbatar da kawar da cutar ta asali daga Afirka a watan Agustan 2020. Amma abin lura shi ne alewa daga hannun baƙo ta jawo yaro, ba ta gamsar da uba ba. Kazar kaka tana da tasiri ne saboda kaka ce ta bayar.

Saura maganar kunya, domin za a ce duk wannan ya yi, amma Bahaushiya ba za ta dubi ɗanta ido da ido ta yabe shi ba. Ba lallai sai ta yi hakan ba. Mata sun daɗe da wata dabara da ba ta keta kunya: uwa ta faɗa wa maƙwabciya ko goggon yaro, da muryar da ta san zai ji daga inda yake wasa, cewa yau shi da kansa ya ɗauko buta da sabulu bayan ya fito daga bayi, shi ya ja ƙanwarsa daga bakin murhu. Goggo ce za ta kira shi ta ce Allah ya yi albarka. A yau ma da goggon ke wani gari, waya tana isa gare ta, kuma iyaye da yawa sun riga sun sassauta kunyar ɗan fari har suna kiran sunansa, don haka kalmar madalla ba za ta gagare su ba. Malamin firamare da na Islamiyya su ma suna iya kiran sunan wanda ya zo da yankakken farce a layin safe, kamar yadda suke kiran wanda bai yanke ba. Iyakar abin ita ce sai an tanadi abin da ake yabon yaro a kansa. A makarantar da babu rijiya ko famfo, ko unguwar da jarkar ruwa ke cin rabin kuɗin cefane, buƙatar farko ruwan ce da sabulun, kuma wannan nauyi yana kan hukuma da manyan gari kafin ya iso kan yaro.